NAZARI: Ana tallan manhajar Spark mai saurin lissafi, amma wa ke riƙe da alƙaluman ruwan Kainji?

A ranar Laraba, 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya dare a tsakiyar ruwa kafin ya kai gaɓar Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi. Mutum ashirin da 'yan kai aka ceto da rai. Kwana da kwanaki masunta da gwanayen iyo suna tsamo gawarwaki. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima da kuma tsufan jirgin. Amma da aka zo batun yawan mutanen da ke ciki, sai baki ya rabu. Wani jami'i ya ce 160, wani ya ce 180, wani ya kai kusan 200. Ba a fito da wata rajistar fasinjoji da za ta raba gardama ba.

Tsakanin ƙiyasi mafi ƙanƙanta da mafi girma akwai rayuka kusan arba'in, kowane da iyalinsa. Littafin rubutu guda da biro a hannun mutum ɗaya a mashigar jirgi sun isa su rufe wannan giɓi. Yana da kyau matashin Yauri, Ngaski ko Shanga ya riƙe wannan a ransa duk lokacin da ya ji ana kwarzanta fasahar sarrafa manyan bayanai, wadda yanzu ta shiga bakin 'yan siyasa, 'yan kwangila da masu horar da matasa.

Manhajar da ta fi suna a wannan fage ita ce Apache Spark, wadda aka fitar da zubinta na 4.0 a watan Mayun 2025. Kyauta ce, kuma tushenta a buɗe yake. Kowa na iya sauke ta, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya yi aiki da ita ba tare da ya biya lasisi ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa na neman waɗanda suka iya ta, kuma shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 ya sanya nazarin bayanai cikin fannonin da yake horar da matasa a kai. Kafin tallan ya rikiɗe ya zama kwangila a kasafin wata hukuma, ya dace a auna shi da bukatun mutanen gaɓar tafkin Kainji.

Gayyar kwamfutoci

An haifi Spark a 2009 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a hannun wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Matei Zaharia da abokan aikinsa. An saki tushenta ga jama'a a 2010, aka miƙa ta ga Gidauniyar Apache a 2013, ta zama cikakken aikin gidauniyar a farkon 2014.

Dabara biyu ce jigonta. Ta farko kowane manomi ya san ta, domin gayya ce. Idan gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a tara majiya ƙarfi, a raba musu kunya-kunya, a gama cikin yini aikin da zai ci wata. Haka ake yayyanka bayanai masu yawa a rarraba wa kwamfutoci goma ko dubu, kowace ta yi nata, sannan a haɗa sakamako.

Ta biyu ita ce ta raba Spark da Hadoop, manhajar da ta gabace ta. Hadoop tana mayar da sakamakon kowane mataki cikin faifan ajiya kafin ta shiga na gaba, tamkar matar da za ta mayar da gero rumbu bayan sussuka, ta sake ɗebo shi don sheƙa, ta mayar, ta kuma ɗebo don surfe. Hatsin ba zai ɓace ba, amma rana za ta faɗi ba a yi tuwo ba. Spark kuwa tana barin bayanan a cikin ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta kwamfuta, wato a kan tabarma, har a kammala. Haɗarin tabarma shi ne duk abin da ke cikin wannan ƙwaƙwalwa yana gogewa da zarar na'ura ta mutu. Maganin da masu Spark suka samo shi ne manhajar ta riƙa tuna matakan da aka bi aka samar da kowane yanki, ta yadda idan kwamfuta ɗaya ta faɗi, sai wata ta sake nome kunyarta kaɗai.

Wannan dabara ta yi aiki, babu mai musu. Shafin manhajar ya yi shekara da shekaru yana shelar cewa tana iya ninka saurin Hadoop har sau ɗari. A 2014 kamfanin Databricks, wanda Zaharia da abokansa suka kafa, ya jera bayanai terabait 100 cikin minti 23 da kwamfutoci 206, aikin da Hadoop ta yi cikin minti 72 da kwamfutoci 2,100. Abin da ba a cika maimaitawa ba shi ne an yi wannan gasa a kan faifan ajiya, ba a cikin ƙwaƙwalwar wucin-gadin da aka gina tallan a kanta ba, kuma ninki ɗarin ya shafi wasu nau'o'in lissafi ne da ake maimaita zagaye a kan bayanai iri ɗaya.

A 2015 wasu masana uku, Frank McSherry, Michael Isard da Derek Murray, suka wallafa wata maƙala da ta ba masu wannan sana'a kunya. Sun ɗauki wasu ayyukan da ake alfahari an yi da gungun kwamfutoci, suka yi su a kan kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, kuma a gwaje-gwaje da dama ita ce ta riga gamawa. Gayya tana da nata tsada: kiran mutane, rabon aiki, dafa abinci, jiran wanda ya makara. Ba a kiran gayya don ɗan fegin da ke bayan ɗaki.

To, yaya girman gonar Kainji? Ma'aunin ruwa da ke aiko da tsayin kogi duk bayan minti 15 zai samar da alƙaluma 96 a rana, wato 35,040 a shekara. Ko da an kafa irinsa guda 100 daga iyakar Nijar zuwa bakin dam, aka tara na shekara 50, jimillar ba ta kai layi miliyan 180 ba. Kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi za ta iya da wannan. Rajistar dukan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yauri, Wara da tsibiran tafkin ba za ta cika waya ɗaya ba. Duk wanda ya zo da takardar kwangila yana cewa sai an sayi gungun na'urori kafin a iya lissafa waɗannan, ya kamata majalisa da 'yan jarida su tambaye shi girman bayanan da alƙalami, ba da baki ba.

Sannan kyauta ce manhajar, ba injinan da za ta hau ba. Ƙwaƙwalwar wucin-gadi ta fi faifan ajiya tsada nesa ba kusa ba, kuma hayar kwamfutoci a rumbunan Amazon, Google ko Microsoft da dala ake biya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dalar da ake samu a ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Hukumar da ta ɗora aikinta a kan haya irin wannan ta ɗaure kasafinta da farashin canji.

Ruwa biyu, ƙofa ɗaya

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Tafkin da ta haifar ya mamaye sama da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna ƙasar Yauri. An tsara wa tashar injina 12, aka kafa takwas masu ƙarfin megawat 760. Tun 2013 kamfanin Mainstream Energy Solutions ke tafiyar da ita tare da ta Jebba bisa yarjejeniyar jingina. Ƙorafin da mutanen gaɓa suka daɗe suna yi sananne ne: su suka ba da ƙasa, amma ƙauyuka da yawa wayoyin wutar ta kansu kawai suke wucewa.

Ruwa biyu ke cika tafkin a kowace shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda damunar yankin ke kawowa ta Gulbin Sakkwato da Rima da sauran rafuka, yana ƙaruwa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya wuce Yamai, ya iso Kebbi da sanyin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan tafkin ke fara ja da baya yayin da injina ke shan ruwa, har tsayinsa ya ragu da kimanin mita goma kafin wata damuna. Ƙasar da ruwan ya janye ya bari ita ce gonar dubban mutane, inda ake shuka shinkafa da albasa da sauran amfanin rani, makiyaya kuma su sami ɗanyar ciyawa.

A nan siyasar take. Yauri, Ngaski da Shanga suna sama da dam, ba ƙasa da shi ba. Idan aka riƙe ruwa don a tanadi na wutar rani, ko don a sassauta wa Jebba da Lakwaja, tafkin na kumbura ya koma baya ya hau gonakin gaɓa. Idan aka buɗe ƙofofi, mutanen ƙasa ne ke kwasa. Kowane mataki da injiniya ya ɗauka a Kainji rabon asara ne tsakanin na sama da na ƙasa da masu jiran lantarki a birane. Mataki ne mai wuya, kuma ba lallai wanda ya ɗauke shi ya yi kuskure ba. Amma wanda gonarsa ta nutse yana da haƙƙin ganin alƙaluman da aka dogara da su.

Alƙaluman kuwa akwai su. Masu tafiyar da dam ba za su iya aiki ba tare da sanin tsayin tafki da yawan ruwan da ke shiga da fita kowace rana ba. Hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana da ma'auni a Jidere Bode, can sama da Kainji, tana kuma fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara. Hukumar Raya Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda ke da mazauni a Yamai, tana bibiyar kogin tun daga Gini. Sai dai yawancin abin da ke isa kunnen jama'a yana zuwa ne ta sanarwar manema labarai, da Turanci, kuma sau da yawa a lokacin da ruwa ya riga ya fara barazana. A Amurka, hukumar binciken ƙasa tana sanya karatun dubban ma'aunan koguna a intanet kusan a lokacin da aka ɗauke su, kowa ya gani kyauta. A Indiya, hukumar ruwa ta tsakiya tana wallafa yawan ruwan manyan madatsun ƙasar kowane mako. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira wata sabuwar manhaja. Shawara ce ta siyasa cewa alƙaluman ruwa na jama'a ne.

Damunar 2020 ta nuna abin da ke cikin ƙwarya. Kogin ya kai tsayin da ba a taɓa rubutawa ba a Yamai a watan Satumba, kuma a Kebbi ambaliya ta shanye gonakin shinkafa da hukumomin jihar suka ƙiyasta da dubban ɗaruruwan kadada, a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015. Manoma da dama bashi suka shuka. Baƙin ruwa ma ya fi sauƙin hasashe, tunda ana ganin tahowarsa a Mali da Nijar makonni kafin ya iso. Manomin da ke shirin dasa albasa a bakin ruwa a Shanga ba ya bukatar amsa cikin daƙiƙa ɗaya. Amsar da ta zo masa mako biyu kafin ruwa, da harshen da yake ji, ta ishe shi.

Inda gayyar ke da rana

Duk da haka akwai aiki guda da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, kuma ya shafi gaɓar Kainji kai-tsaye: hotunan tauraron ɗan'adam. Tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta, Tarayyar Turai kuma tana bayar da na taurarin Sentinel ba tare da kuɗi ba. Sentinel-2 na ɗaukar hoton da kowane ɗigo a cikinsa ke wakiltar fili mita goma tsawo, goma faɗi. Tafkin Kainji kaɗai ya haura ɗigo miliyan 12 a ɗauka ɗaya. Yankin da ke zuba ruwa a Kogin Neja, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan biyu, ya kai ɗigo biliyan 20. A ninka wannan da ɗauka masu yawa a shekara, a sake ninkawa da shekaru goma, sai a ga gonar da ta cancanci gayya. Sentinel-1 kuma da rada yake gani, gajimaren Agusta ba ya rufe masa ido. Akwai ma wata buɗaɗɗiyar manhaja, Apache Sedona, da ke hawa kan Spark musamman don lissafin taswira.

Da irin wannan aiki za a iya zana iyakar da ruwa ya kai a kowace shekara a kowace gunduma, a nuna ƙauyen da ke nutsewa shekara uku cikin biyar, da fadamar da ke fitowa da wuri. Za a iya ɗora jerin waɗanda aka rubuta a matsayin masu asarar ambaliya a kan taswirar inda ruwa ya kwanta da gaske. Duk wanda ya san yadda ake rabon kayan agaji a ƙananan hukumomi ya san dalilin da zai sa wasu ba za su yi murna da wannan ba. Iyakar fasahar ita ce tauraron Sentinel-1 guda yana komowa wuri ɗaya ne bayan kwana 12, biyu kuma su rage shi zuwa shida, don haka shaida ce mai ƙarfi a kan abin da ya faru, amma ba ƙararrawar tsakar dare ba ce.

Wani sashe na wannan aiki ma an riga an yi shi. Shirin Digital Earth Africa, wanda ya fara a 2019, ya sarrafa hotunan Landsat na shekaru da dama ya fitar da taswirar inda ake ganin ruwa a duk faɗin nahiyar, a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Open Data Cube, kuma kowa na iya amfani da ita kyauta. Shirin FANFAR, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2018, ya haɗa hukumar yanayi da ruwa ta Suwidin da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da NIHSA wajen gina tsarin hasashen ambaliya na Afirka ta Yamma. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jihar da ke Aliero zai iya fara nazarin gaɓar Ngaski da waɗannan yau, da kwamfutarsa da ɗan data, ba tare da an sayi ko da na'ura ɗaya ba.

Babbar darajar buɗaɗɗen tushe a irin wannan wuri ta fi ƙarfin batun sauri. Idan hukuma ta ce lissafinta ya nuna ƙauye kaza ba ya cikin haɗari, ko gona kaza ba ta cancanci diyya ba, buɗaɗɗiyar manhaja na ba wani masani damar maimaita lissafin ya ga ko haka ne. Kuma idan ɗan kwangila ya tafi, aikin ba ya tafiya da shi. Amma kalmar tana da tarko. A Maris 2024 kamfanin Redis, mai wata shahararriyar manhajar ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar wucin-gadi, ya sauya lasisinta zuwa mai takurawa, lamarin da ya sa wasu masu haɓaka ta suka ɓalle suka ci gaba da tsohon tushen da sunan Valkey a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Kamfanin ya sassauta a 2025, bayan an riga an rabu. Spark ta fi kariya daga irin wannan domin gidauniya ce ke riƙe da ita, sai dai kamfanoni na sayar da nasu zubin da suka yi wa ƙari, wanda fita daga cikinsa ba ya da sauƙi. Hukumar da za ta sa hannu a yarjejeniya ya kamata ta san wanne ake sayar mata, kuma wa zai mallaki bayanan da lissafin da aka rubuta da kuɗin jama'a.

Cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan nauyi suna nan. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa da dokar 2010 amma ba ta fara aiki sosai ba sai bayan shekara goma, an yi ta ne domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, kuma Kebbi na cikin jihohinta. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta gaji nazarin tafkin tun daga shekarun farko, kuma a shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa da Jamus ya riƙa ƙidayar masunta da jirage da kayan kamun kifi a kewayen tafkin. Wannan tarihi, idan aka mayar da shi cikin kwamfuta aka buɗe shi, ya fi sabuwar na'ura amfani ga mai son sanin dalilin da kamu ke raguwa. Fadar Yauri kanta tana hannun Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon Shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ba baƙo ba ne a zancen bincike, kuma ta hannun hakimai da sarakunan ruwa ne saƙo ke isa tsibirin da babu sabis ɗin waya mai ƙarfi.

Hanyar neman alƙaluman ma doka ta shimfiɗa ta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Dokar ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke gudanar da aikin jama'a, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tana aiki a kan jihohi. Ƙungiyar ɗalibai ko ta manoman shinkafa a Yauri na iya neman tsayin tafkin na kowace rana da yawan ruwan da aka saki tun daga 2013, da karatun ma'aunin Jidere Bode, da kuma adadin mashigun jiragen da hukumar NIWA ke rubuta sunayen fasinjoji a cikinsu tun bayan hatsarin Wara. Tsayin tafki na kowace rana na shekara 12 bai kai layi 4,400 ba, kuma za a iya tura shi ta WhatsApp.